Gawar Baƙo a Jami'a

Ranar Laraba ce, rana ta take tsaka, Meimuna tana kankare kaskon ƙosai a bayan rumfarta, sai ta hango Zuhura tafe a ƙasa daga bakin titi. Yarinyar ba ta zuwa gida sai Asabar, don tsakanin sabon Zongo da jami'a akwai tafiya. Ga shi ba jaka, ba littafi, farar rigar aikinta a dunƙule a hammata.

Meimuna ba ta ɗaga kai ta dube ta sosai ba. Zuhura 'yar fari ce, kuma tun da aka haife ta uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa jan ta a jiki a gaban mutane ba. Haka ta taras ana yi a gidansu, haka ta yi. "Ke" take ce mata, ranar da ta so wasa ta ce "Likita".

"Ke, lafiya da ranar nan?"

"Inna, mu shiga ɗaki."

Ɗakin na kwano ne, bango da rufi, zafi kamar cikin tanda. Da yarinyar ta ajiye rigar sai wani wari mai yaji ya cika wurin, har idon Meimuna ya kawo ruwa. Zuhura ta zauna a ƙasa, ta sa hannuwanta tsakanin gwiwoyi.

"Na ga Baba."

A ƙarshen shekarar da ta wuce ne hukuma ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar Lome, aka kwaso mutane a manyan motoci aka zube su a wannan fili, can arewa bayan Agoè. Inoussa mahauci ya kawo iyalinsa lafiya. Washegari ya ce zai koma ya ciro ƙyauren gidansu, don na katako ne mai kyau, ubansa ya sa aka sassaƙa. Ya hau kekensa ya tafi, ba a sake ganinsa ba. An je asibiti, an je wurin jandarma, kowa ya ce bai san zancen ba. Rediyo kuwa ta ce an yi ƙaura lami lafiya, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Mai cewa ba haka ba, to da rediyo yake jayayya, rediyo ta jam'iyya ce, jam'iyya kuma guda ce a ƙasar. Tun daga lokacin Meimuna take zaune, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba.

"A ina?" in ji Meimuna. "Yana kurkuku?"

"A makaranta, Inna. A ɗakin da muke koyon jikin mutum."

Zuhura ta yi bayani kanta a ƙasa. Gawar da ta daɗe a asibiti ba wanda ya zo nema, ita ake kawo wa masu koyon likitanci, a jiƙa ta a magani don kada ta lalace. Fuskokin a naɗe suke da tsumma, ba a buɗewa. Yau da safe aka ba rukuninsu hannun wani mutum, aka miƙa mata wuƙa. Sai da ta yi nisa ta juya tafin hannun, ta ga ƙaramin yatsa guntule, ga tabon ƙahon sa a wuyan hannu, mai kama da jinjirin wata. Hannun da ta riƙe tana koyon tafiya. Nan take ta faɗi, 'yan ajin suka yi ta dariya, suka ce 'yar Zongo ta ga jini ta suma, alhali ko jinin babu.

"Kin yanka?"

"Na yanka, Inna. Daga nan zuwa nan." Ta nuna a nata hannun, daga gwiwa zuwa wuya.

Meimuna ta ce innalillahi a hankali, ta sake faɗa. Kuka ya taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye shi, don bangon kwano ba ya riƙe magana.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Amma Tchakoura ya gane. Shi ne mai kula da ɗakin, ɗan ƙabilar Kotokoli ne na arewa, musulmi. Ya ji abin da nake karantawa da na farfaɗo. Ya ce a bakin hanya aka tsinci Baba, ya cika a asibiti bai yi magana ba. An aika mutum Zongo ya tambaya, ya tarar da fili." Ta ɗago ido. "Ya ce in rufe bakina. In aka ji uban ɗaliba ya mutu a makon rushe Zongo, 'yan jam'iyya na makaranta za su ce ni na ƙirƙiro don in ɓata sunan ƙasa. Bara wani ya faɗi abin da bai kai wannan ba, har yau ba a san inda yake ba."

Meimuna ta san abin da jami'ar nan take a wurin mijinta. Kafin a kafa ta, daji ne wurin, nan mahautan Zongo suke kai shanunsu su huta kafin yanka. Inoussa ya ga ranar da aka fara sare itatuwa, ya ga an aza tubali, ya ga gini na farko ya tashi, ɗalibai ba su fi cikin mota biyu ba. Duk shekara ya dawo da labari: an ƙara zaure, an gina wurin kwana, an buɗe sashen likitanci. Yana cewa, "Ana ta yi wa yarinyar nan gini, ita ba ta ma sani ba." Wansa Alassani ya tsaya kai da fata cewa 'yar musulmi ba za ta je inda ake fede matattu ba. Inoussa ya ce, "Yaya, mu ma fiɗa muke ci da ita." Suka yi wata ba sa gaisawa.

Yanzu ga shi kwance a cikin ginin. In an nemo shi da sunansa, hukuma ta kori yarinyar. In Alassani ya ga hannun, ya san wa ya riƙe wuƙar, shi zai cire ta da kansa, kuma ba liman ɗin da zai hana shi.

"Tashi ki koma," in ji Meimuna. "Ki wanke fuska. Gobe ki shiga aji kamar kowa. Duk abin da kika gani, ba ki san ni ba, ban san ki ba."

"Inna, yaya za ki yi?"

"Na ce ki tashi."

Da yarinyar ta tafi, Meimuna ta yi alwala, ta yi azahar. Tana sallamewa hannunta ya kai kunne, ta cire 'yan kunnenta ta ɗaure a bakin zane. Ba ta yi tunani ba. Mace ta ji mutuwar mijinta, takaba ta hau kanta, ado ya sauka. Washegari da safe ma ba ta sa kwalli ba, ta fita da farin ido ta hura wuta.

Assana maƙwabciyarta, mai sayar da koko a gefenta, ita ta fara gani.

"Meimuna, yau kuma idon nan fa? Kamar na dafaffen kifi." Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya a rabi. Ta dubi kunnen. Ta ajiye ludayi. "La ilaha illallahu. An gan shi?"

"Assana, don Allah ki yi shiru."

Ina! Assana ta riga ta ɗora hannu a ka. Kafin man kasko ya yi zafi, labari ya kai mahauta, ya kai masallaci. Alassani ya zo da jini a gaban rigarsa, daga wurin yanka yake.

"Meimuna, ƙanena ya mutu, sai a bakin mai koko zan ji? Yana ina?"

Ba ta iya yi masa ƙarya a kan mutuwa ba. Ta ce yana ɗakin ajiye gawa na jami'a, asibiti ce ta kai shi can. Abin da ta faɗa ke nan, ba ta ƙara ba.

Zongo ba ta jinkiri da gawa. Nan da nan aka fito da makara daga masallaci, maza suka fara taruwa, mahauta da dillalan shanu da masu goro. Wasu suna cewa a tafi a ƙasa, a nuna musu Inoussa yana da mutane. Matasa har sun fara kabbara. Tun ranar rushewa zukata suke cike, yau suka sami inda za su zuba.

Meimuna ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana kallo. Ta ga hanyar a zuciyarta: shingen soja da ke bakin gari, taron mutanen Zongo da makara ba kowa a ciki, suna kabbara, sun nufi jami'a. Ba soja ɗaya da zai kira wannan jana'iza.

Ta ratsa maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta je ta zauna daɓas a kan makarar.

Maza suka ja da baya.

"Meimuna, kin haukace?" in ji Alassani. "Tashi daga nan!"

"Yaya, in za ku ɗauka, ku ɗauka da ni. Ka ga kun sami abin da za ku nuna wa soja."

"Mace mai takaba a tsakiyar maza! Ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Gawa ɗaya muke nema, ku kuna so ku dawo mana da goma. Malam," ta juya wajen liman, wani tsoho mai sanda, "wane ne a nan bai bar yara a gida ba?"

Wani matashi ya ce daga baya, "To mu bar shi a hannun arna su yi ta wasa da shi?"

"Kai da ba ka iya fiɗar akuya ba tukuna, rufe mini baki," in ji Meimuna. Wasu suka yi dariya ba su shirya ba. "Ku ba ni zuwa la'asar. In ban dawo da shi ba, ku yi abin da kuka ga dama."

Liman ya ce, "A ba ta. A je a haƙa kabari, shi ne aikin maza yanzu."

Ta koma ɗaki ta kwance bakin zanenta, ta mayar da 'yan kunnen. Ta ɗauko kwalli. Ta ce, "Maigida, ka yafe mini," ta ja shi a ido biyu, ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi. Likkafanin da ta saya tun watannin baya ta ɓoye a ƙasan akwati, ta naɗe shi ta sa a kwanon ƙosai ta rufe da faranti.

Bobbo ne ya kai ta, Bafulatani dillalin shanu, abokin cinikin Inoussa, a motarsa mai rufin tamfol da ake kai nama kasuwa. A shingen soja aka leƙa, aka ga mace da kwalliya da kwano a cinya, aka ɗaga musu hannu.

Meimuna ba ta taɓa shiga jami'ar ba. Ta ɗauka gida ne babba, sai ta ga gari. Gine-gine a warwatse cikin ciyawa, wasu an gama, wasu da ƙarafuna a tsaye, masu gini suna ta kwaɓa siminti. Samari da 'yan mata suna zaune ƙarƙashin itatuwa da littattafai a buɗe, wasu suna tafe suna karatu da ƙarfi su kaɗai kamar masu tilawa. A wani fili an jera ɗalibai cikin atamfa iri ɗaya, suna koyon rawa da waƙar jam'iyya, wani yana busa usur. Bobbo ya ce, "Nan ne muke shayar da shanu da, daidai inda suke rawar nan."

Tchakoura ya same su a bayan wani dogon gini mara tagogi da yawa. Gajere ne, da furfura, hannuwansa sun yi fari saboda magani. Yana jin Hausa irin ta kasuwa.

"Ke ce? Hajiya, kin zo a mummunar rana. Farfesa, shugaban sashen nan, mutumin kirki ne, amma wakilin jam'iyya yana ofishinsa. Suman yarinyar nan ya kai kunnensa."

"Ba wata yarinya da na sani," in ji Meimuna. "Ni mai ƙosai ce. Mu a Zongo, tun kakanni, in baƙo musulmi ya mutu ba shi da kowa, mu muke yi masa sutura. An ce akwai irinsa a nan. Sadaka na zo nema."

Tchakoura ya dube ta, ya dubi kwallin. Ya ce, "To. Ni na faɗa a masallacin Juma'a. Na ga tabon sujada a goshinsa. Haka za mu ce."

Ofishin Farfesa cike yake da littattafai, ga ƙashin mutum a tsaye a lungu, ga hoton shugaban ƙasa a bango. Farfesan dattijo ne dogo mai tabarau, mutumin kudu. A kujerar gefe wani saurayi ne da riga mai tambarin jam'iyya a ƙirji, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Meimuna ba ta jin Faransanci, sai ta yi magana da yaren Mina, wanda take ciniki da shi. Ta durƙusa ta faɗi abin da ta faɗa wa Tchakoura.

Saurayin ne ya amsa, ba Farfesa ba.

"Mama, Zongo da nisa. Kin bar kaskonki kin zo har nan saboda mutumin da ba ki sani ba?"

"Ɗana, lada ba ta da nisa."

"Ba ku da maza ne?"

"Suna kasuwa. Kai ka san mazanmu, in ba kuɗi a wuri ba sa zuwa."

Ya yi murmushi, amma idonsa bai yi ba. "Na ji ana cewa wai wasu sun ɓata lokacin ƙaura. Wai. Ko kina cikin masu wannan magana?"

"Ni rediyo nake ji. Ta ce an yi lafiya."

"Madalla. Mu je ki gan shi, ko za ki tuna fuskarsa."

Ɗakin dogo ne, da tebura na siminti a jere, warin nan na jiya ya ninka. Ɗalibai cikin fararen riguna sun kewaye teburan, kowa ya sunkuya. Da Farfesa ya shigo suka miƙe. Meimuna ta san 'yarta tana wurin, ta ji ta a jikinta kamar yadda ake jin wuta a gefe, amma ba ta waiwaya ba. Shekara ashirin da ɗoriya tana wuce yarinyar nan a gaban mutane kamar ba ita ta haife ta ba. Ranar da ta ci jarrabawar shiga jami'a, mata suna guɗa, Meimuna tana tankaɗe gari ko kai ba ta ɗaga ba. Wuyanta ya san aikin.

Saurayin ya sa Tchakoura ya kwance tsumman fuskar.

Ya yi baƙi, ya ƙanƙance, fatar ta zama kamar wadda aka jeme. Amma shi ne. Ga gibin haƙorinsa, ga gemun da take yi masa tsiya a kai cewa ya ƙi cika. Hannun hagu a buɗe yake daga gwiwa zuwa wuya, an kafe fatar gefe da gefe. Meimuna ta danne babban yatsan ƙafarta a siminti har farcen ya tsage.

"Kin san shi?"

"Allah ya jiƙansa. Baƙo ne."

"Duba da kyau, Mama."

"Na duba. Duk wanda ya kwana a ruwan nan ai kamarsu ɗaya."

Saurayin ya juya, ya kira da ƙarfi, "Madmazel Inoussa!" Zuhura ta fito daga cikin ɗalibai, fuskarta kamar toka. "Ke 'yar Zongo ce. Jiya kin faɗi a kan teburin nan. Kin san matar nan?"

"Mai ƙosai ce a unguwarmu," in ji Zuhura.

"Shi fa?"

Idon yarinyar ya sauka kan fuskar da ke teburin, leɓenta ya fara motsi. Meimuna ta ga in aka ƙara numfashi ɗaya komai ya rushe.

"Wannan?" Ta yi tsaki da ƙarfi, ta nuna yarinyar da haɓa ba tare da ta dube ta ba. "Wannan ai duk unguwa an san ta. Tana ƙarama in an yanka kaza sai ta gudu ƙarƙashin gado. Mu mun yi mamaki da aka ce wai likita za ta zama. Ranka ya daɗe, ku dai ku riƙa ba ta abinci kafin ta shigo nan, 'yan makarantar nan ba sa karyawa."

Ɗalibai suka fashe da dariya. Wani ya ce wani abu da Faransanci, aka ƙara dariya. Zuhura ta sunkuyar da kai, hawaye ya zubo, kowa ya ɗauka na kunya ne.

Farfesa bai yi dariya ba. Ya cire tabarau, ya dubi Meimuna, ya dubi Zuhura, ya daɗe a kan goshinsu da yadda kunnuwansu suka kwanta iri ɗaya. Meimuna ta ga ya gani. Kalma ɗaya ta rage a bakinsa.

Ya mayar da tabarau, ya taɓa kafaɗar gawar da yatsa, ya yi magana da Mina don kowa ya ji.

"Wannan dama maganin bai kama shi da kyau ba. Ba zai kai ƙarshen zangon karatu ba, wuri kawai yake cinye mana. In mutanen Zongo za su rage mana aikin binnewa, sun taimaki jami'a." Ya juya wajen saurayin. "Sai dai in ofishinku yana so ya ɗauki nauyinsa. Akwai wuri a wajenku?"

Saurayin ya toshe hanci da hankici. "A rubuta ba a san shi ba."

"Haka yake a rubuce."

"Kuma ba taro. In na ji an yi taro, Mama, na san inda ake sayar da ƙosai." Ya fita yana kaɗa mukullin babur.

Farfesa ya kori ɗalibai zuwa wani tebur. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Madmazel, a nan ba ma mayar da mutum a buɗe. Abin da kika buɗe, ki rufe. Ki ɗauki lokacinki."

Meimuna ta tsaya a bakin ƙofa, ta ba su baya, tana kallon masu gini a waje. A bayanta tana jin ƙarar almakashi, ƙit, shiru, ƙit. Ba ta juya ba har Tchakoura ya ce an gama.

Sun iso Zongo ana kiran la'asar. Maza suna zaune a inuwar masallaci da ƙasar kabari a ƙafafunsu. Aka shigar da shi ɗaki a naɗe cikin tamfol. Alassani ya naɗe hannun riga, ya kira masu wanka.

Meimuna ta tsaya a ƙofa. "Yaya, ni zan wanke shi."

"Ke? Muna da maza a gidan nan."

"Malam, mace tana wanke mijinta ko ba ta yi?"

Liman ya ce, "Tana yi. Ita ta fi kowa cancanta."

Alassani ya matso, ya rage murya. "Meimuna, gaya mini gaskiya. Sun taɓa shi? Yarinyar nan tana wurin?"

"Yarinyar tana aji. Ƙanenka kuma ya dawo gida cikakke. Ka bar ni, rana tana tafiya."

Ta rufe ƙofar kwanon. Assana tana miƙo ruwa ta ƙarƙashi, da ganyen magarya da turare. Meimuna ta fara da dama kamar yadda ake yi, tana yi masa magana a hankali, tana ba shi labarin sabon Zongo, cewa an haƙa rijiya, cewa ƙyauren katako dai ba su samu ba, na kwano suka sa. Da ta zo hannun hagu ta ɗaga shi wajen hasken da ke shigowa ta hujin kwano. Ɗinkin a jere yake, ƙanana, ba wanda ya fi wani, an ɓoye ƙullin a ciki. Irin kalmasa bakin zane da ta koya wa yarinyar tana ƙarama, tana dukan hannunta in ta yi gaggawa.

Ta naɗe shi a likkafani ta ɗaure da kanta, ba ta bar ko yatsa a waje ba. Sannan ta buɗe ƙofa.

Aka yi masa salla ba hayaniya, aka ɗauke shi. Da makarar ta sha kwana, Meimuna ta cire 'yan kunnen ta miƙa wa Assana, ta wanke kwallin da sauran ruwan wanka, ta zauna a tabarma. A nan kukan ya zo, wanda ta haɗiye tun jiya da wanda ta tara tun ranar da ya hau keke.

Zuhura ta zo ran Asabar kamar kullum, da jakarta. Ɗakin cike da mata masu gaisuwa. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi wa uwarta ta'aziyya kamar kowa, Meimuna ta amsa ba ta dube ta ba. Sai da mata suka fita salla suka rage su biyu.

"Inna, ba zan iya komawa ɗakin gawar nan ba."

"Za ki koma. Litinin da safe Bobbo zai sauke ki a hanya."

"Inna, da hannuna fa na..."

"Na gani," in ji Meimuna. Ta jawo kwanon tuwo ta tura gabanta. "Ɗinkin ya yi kyau. Ci abinci, Likita."